Burodin Ayaba a Kakuri

Lantana ta tafi Zariya wankan jegon 'yarmu.
Ta bar mini makullin sito, da rabin buhun fulawa,
da nonon ayaba guda,
ta ce, "Ka ci kafin su lalace."
Ban ci ba.
Kwana biyar suka koma kalar hannun bakanike.

Shekara ashirin da shida na yi a masaƙa.
Daga bakin ƙofa ina gane injin da zarensa ya tsinke,
amma a gidana ban san mazaunin ludayi ba.

Autanmu Shamsu ne ya sa mini ita a waya,
ƙirƙirarriyar basira, wai tambaya ba ta gundurarta.
Da yatsa ɗaya na rubuta:
ayaba ta nuna har ta zarce, yaya zan yi?
Ta ce burodi.
Na ce babu yis.
Ta ce in kama nawa daga iska.

Daga iska!
Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida,
sannan na wanke kwalbar bama,
fulawa cokali huɗu, ruwa cokali huɗu,
na rufe da tsohon kallabin Lantana.
Kullum bayan asuba in kwashe rabi, in ƙara sabo,
kamar mai kiwon abin da ba ya kuka.

Rana ta uku, shiru.
Na ce mata ya mutu.
Ta ce bai mutu ba, in matsar da shi inda ke da ɗumi.
Rana ta shida ƙananan idanu suka buɗe a jikin kwalba,
kullun ya taso, yana numfashi.

Ayabar dai ba ta jira mu ba,
akuyar maƙwabta ta yi walima da ita.
Sai na sayi wata a bakin titin Kachia,
na zauna, dattijo da furfurata,
ina jiran ayaba ta lalace da gangan.

Ranar gashi na dama ayaba da ƙwai biyu,
man gyaɗa, sukari, gishiri ɗan yatsa uku,
na juye tsimin a kai.
Ta ce in kunna oba, zafi ɗari da saba'in da biyar.
Na dubi kicin. Murhu ne da kurfoti.

Tasalla mai waina ta leƙo ta katanga,
ta karɓi kwalbar, ta shinshina sau ɗaya.
"Baba, wannan ai kullu ne.
Shi ne sai da waya ta faɗa maka?"
Ta aiko jikanta da yashi a bokitin fenti.
Yashi a gindin tukunya, gwangwani a kan yashi,
garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi.

Na koma na shaida wa wayar.
Ba ta yi musu ba.
Ta ce ba ta san zafin garwashina ba,
in soka tsinke a tsakiya, in ya fito fes ya gasu.
Sai ta ce, yaya ƙamshin yake?

Na daɗe riƙe da waya.
Ƙamshin ya tsallake katanga, ya tsayar da yara masu ƙwallo,
ni kuwa na rasa kalma ɗaya da zan rubuta.

Gindin ya ƙone, na kankare da wuƙa.
Cikin kuwa laushi,
da ɗan tsami can baya, irin na kindirmon safe.
Tasalla ta ci yanka biyu, ta ce sukari ya yi yawa.

Na tura wa Lantana hoto.
Can da dare muryarta ta shigo,
jariri na kuka a bayanta:
"Wace tukunyar tawa ka zuba wa yashi?"

Saura kwana goma sha tara ta dawo.
Kwalbar na kan taga, ta sake tasowa.
Gobe da asuba akwai mai jiran abinci a hannuna.